Ranar da Aka Matse Bidiyon Inna

Inna ba ta yarda da hoto ba, ko na katin zaɓe sai da aka yi ta lallashi. Sau ɗaya tak kyamara ta kama ta, ranar sunan 'yata ta fari, da na ɗauko mai bidiyo daga Maraɗi. Minti huɗu ne. Tana zaune a tabarma, jaririya a cinyarta, tana dariya tana kare baki da gefen mayafi. Shekara biyu bayan haka ta rasu. Faifan da mutumin ya ba ni zafin ɗaki ya lanƙwasa shi, amma kafin nan na kwafe bidiyon a disk yadda yake. Ƙanwarta, da muke ce wa Inna Ƙarama, duk shekara bayan girbi takan taso daga Gabi don ta zauna gaban tele ta ga yayarta.

Disk ɗin nan shi ne rumbun finafinan gidanmu. Ni malamin lissafi ne a Madarumfa, mai karambanin taɓa na'ura. Na haɗa shi da akwatin wifi, na jona su da batirin sola, ya zama kowa a gidan, daga sashena har na yayana, zai buɗe wayarsa ya kalli abin da yake so. Tele ma daga nan take ja. Na sha wuya kafin na gane irin bidiyon da kowa zai iya buɗewa: wani tele ta nuna hoto babu murya, wani waya ta ƙi shi sam. A ƙarshe na tsaya a kan MP4, na bi finafinan ɗaya bayan ɗaya na juya su, ina lura kada hoto ya lalace. Na Inna ban taɓa shi ba, tele na buɗe shi haka.

To mu nan ba a tambayar kyan fim, yawansa ake tambaya. Je tasha wajen masu tura finafinai ka ji, kowa cewa yake katin wayata fim nawa zai ci. Shi ya sa suke matse su su koma 3GP, irin na ƙananan wayoyi masu maɓalli, har a ɗura ɗari a katin da ba zai ɗauki goma ba. A allon da bai fi akwatin ashana ba, ba ka ganin ɓarnar.

Disk ya cika. Yayana ya yi min maganar sau uku, na ce ya bari in dawo daga gyaran takardun jarrabawa a Maraɗi in sayo babba. Kwana biyar na yi. A gidanmu kayan ƙane na wa ne, ba ya neman izini, kuma ban taɓa jin haushin haka ba sai wannan karon. Ya cire disk ɗin ya kai tasha.

Na dawo da la'asar na tarar da shi yana ta fara'a.

"Malam, na hutar da kai," in ji shi. "Mutumen tasha ya matse su duka, ya ƙaro muna sababbi. Yanzu sun ninka huɗu."

"Duka, Yaya?"

"Duka. Ya ce manyan cin wuri kawai su kai, ya goge su."

Na kunna tele na buɗe bidiyon Inna. Tabarma ta zama dabbare-dabbare, mata sun zama curin launi masu motsi. Inda fuskar Inna take, wani baƙin murabba'i ne ke narkewa yana haɗuwa. Dariyarta kuwa kamar daga cikin gwangwani.

Ban ko cire takalmi ba na hau babur sai tasha. Mutumin na zaune a rumfarsa bayan kwamfuta, ya saurare ni yana taunar goro, sannan ya amsa yana kira na mushe, yadda ake ce wa malamin boko a nan.

"Ai ban share shi ba, mushe. Ga shi nan yana tahiya."

Yana tafiya! Na ce masa uwata ce a ciki, ba mawaƙiya ba. Na ce ko jaki aka ba shi bidiyon da aka rubuta wa "Inna" sai ya tsaya ya shinshina. Jama'a suka taru suna ba ni haƙuri, ni kuwa haƙurin ne ke ƙara tunzura ni. Na karɓi kwamfutar na bincika da kaina. Sababbin finafinan sun hau kan gurbin tsofaffin, babu abin da za a iya dawo da shi. An binne fuskar Inna a ƙarƙashin finafinan dambe.

Wata guda ban ci abinci kwano ɗaya da Yaya ba. Shi har ga Allah gani yake alheri ya yi, wannan ne ke ci min rai. Kuma ni ma ban tsira ba. Ni da nake koya wa yara su sake duba lissafinsu, na ajiye uwata a wuri ɗaya, cikin abin da kowa ke iya cirewa ya sa a aljihu.

Da aka gama yankan gero Inna Ƙarama ta zo, da ƙullin wake da gyaɗa. Ta sha ruwa, aka gaisa, ta ce, "Ɗana, sa mini yayata." Yaya na zaune a bakin ƙofa. Na sa.

Ta ja tabarma kusa. Ta ƙara ja, har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Ta goge idonta da haɓar zane, ta sake dubawa. Minti huɗun suka ƙare. Sai ta sauke numfashi.

"Idon nawa ya ƙare ke nan. Bara na gan ta sarai, bana ko kaɗan."

Na juya na dubi Yaya, ina jira ya gaya mata. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ni ma ban iya tona asirin wana a gaban uwa ba. Ta ce in kashe tele, kada in ɓata wuta a kan makauniya, kuma baɗi ba sai ta wahalar da mu ba.