Iskar Delfina

A unguwarmu da ke bayan Lima, uba ba ya raba wa 'ya'yansa fili, don babu filin. Iska yake raba musu. Ya gina ƙasa, ya zuba rufin kankare, ya bar rodi cirko-cirko a sama. Ɗan fari ya hau ya gina nasa, na biyu ya hau kan na farin.

Haka Don Eleuterio Huamán ya yi, mai gyaran takalman da muka tsufa muna haɗa katanga da shi. Shi a ƙasa, ɗansa Wilmer da iyalinsa a sama, iskar hawa na uku kuwa ta Delfina ce, autarsa da ke aikatau a Santiago. Ranar da ta aiko cewa za ta dawo da 'ya'yanta muddin akwai inda za ta ajiye su, har ɓeran masar ya yanka mana don murna.

Sai magini ya ce shi ba zai taɓa bulo ba sai an je ofishin tsara gari, wai yanzu rushewa suke yi. Ni na raka Don Eleuterio, don na san shi da tsoron mai biro.

Wata yarinya mai tabarau ta kai mu gaban taswira a bango, an shafe ta da launuka kamar zanen cin kasuwa.

"Baba, layinku rawaya ne. Gidajen zama, hawa biyu, ba ƙari."

"Tsallaken titi fa, 'yata?"

"Ja ne, na kasuwanci. Su har hawa shida."

"Gidan Fortunato? Mutumin da ko banɗaki bai gama ba?"

"Shi ja ne."

Na ce, "To ai wannan ma yana da shago a ƙasa, a mai da shi ja mana."

Ta ɗago kai. "Shago? Ba a buɗe shago a rawaya."

Don Eleuterio ya taka mini ƙafa. Layinmu kuwa babu ƙofar da ba a sayar da wani abu, ni kaina burodi nake miƙawa ta taga.

Ya sa yatsa a kan wani kore can sama, ya ce nan fa? Ta ce wurin shan iska ne, babu kowa. Ikon Allah! Can ƙanwata take aure, ga gidaje rututu, ga coci, kuma ban taɓa ganin ko tsinken ciyawa a wurin ba.

Yarinyar ba muguwa ba ce. Ta yi ta bayani a kan gangare da girgizar ƙasa da faɗin titi, na kama wani, wani ya wuce ni.

Muka hau bas ɗin komawa gida. Can Don Eleuterio ya ce, "Casilda, ƙasa na yarda, su auna abinsu. Amma iska fa? Wa ya ba su? Tawa da ta Fortunato ba ɗaya ba ce?"



Bai gaya wa Delfina komai ba. Ya dinga fitowa bakin titi yana kallon nan, yana kallon can, takalman mutane na jibge suna jiransa. Wata safiya ya sa hularsa ya koma ofishin shi kaɗai, ya dawo fuskarsa a sake, ya ƙi gaya mini abin da ya jiyo.

Delfina ta iso a tsakiyar sanyi, lokacin da yayyafin nan namu ke wuni bai ɗauke ba. Ɗakinsa na ƙasa ta tarar an share mata. Shi kuma ya kwashe gadonsa ya kai kan rufin Wilmer, ya kafa rumfar zana kusa da igiyar shanya.

Na hau ina haki, na same shi duƙunƙune cikin bargo.

"Da tsufanka? Da wannan tarin naka? Ka haukace ne?"

"Na tambaya, maƙwabciya. Sun ce rumfa ba hawa ba ce, ba ta cikin kowane launi. A wurinsu babu kowa a nan."

Daga ƙasa hayaniyar jikokinsa ta taso, suna faɗa a kan wa zai kwana ta bango. Ya kasa kunne, ya danne tarin da ya taso masa da bakin bargo.

"Ki rage murya," ya ce. "In uwarsu ta ji, sai ta ce za ta koma."