Ƙunshin da Bai Isa Bauchi Ba

Ni haifaffen Azare ne, kuma kafin in zama abin nunawa da baki, ɗan kamasho ne ni a ɗaya daga cikin tashoshin motar garin. Ba zan faɗi sunana ba, domin ina da 'ya'ya a makaranta. Matasa nake so su karanta wannan, musamman masu neman abinci a bakin tasha.

Dattawan direbobi sun sha ba mu labari cewa tashar ta faro ne daga gindin bishiyoyi, inda manyan motoci masu bodin katako ke tsayawa ranar kasuwa. Sannu a hankali aka kewaye ta, aka yi masallaci da rumfunan masu abinci, masu faci suka kafa, daga baya masu cajin waya suka shigo. Kowane gari da layinsa: Kano, Potiskum, Misau, Bauchi, sai ƙananan motocin Itas da Giade. Amfanin wurin shi ne canjin mota. Mutum ya sauko daga ta ƙauyensu, ya taka ƙafa kaɗan, ya hau ta birni.

Ba mutane kaɗai ke canjin mota ba, har da saƙo. A kawo buhu ko ƙunshi, mu rubuta suna da lambar waya a jiki, mu damƙa wa direba. Ni aka ɗora wa saƙon layin Bauchi, saboda ina da rubutu mai kyau da bakin gaisuwa. Babu rasit, babu shaida, sai dai a ce maka "amana", ka ce "in sha Allahu".

Da ɗanɗano na fara. Ledar ƙuliƙuli ta ɗan yage, sai in taimaka mata ta ƙarasa yagewa. Daga nan sai kwano guda daga buhun wake, sai turmin atamfa ɗaya cikin biyar. Na lura cewa tsakanin motar da ta kawo da motar da za ta kai akwai rami: wannan direba ya ce ya sauke, wancan ya ce bai gani ba, ni kuwa ina tsakiya ina taya mai kaya salati. Har rantsuwa na iya yi ido a bushe. Shekara uku ina wannan, ana kirana mai gaskiya.

Wata Laraba da hantsi wani dattijo, Malam Buba, ya sauko daga motar Itas rungume da ƙunshi. An naɗe shi da leda, an sake naɗewa da tsohon zane, an ɗaure da igiya. Ya ce a kai wa 'yarsa Hauwa'u da ke jira a gidan gwaggonta a Bauchi, lallai ya isa yau. Shi kuɗin motarsa ba zai kai shi can ba, ga shuka na jiransa. Ya riƙe hannuna ya ce:

"Ɗana, duk dukiyar gidana tana cikin nan."

Na ce, "Baba, ka ɗauka ya isa."

Kalmar dukiya ce ta rufe mini ido. Yana juya baya na zaga bayan rumfar masu faci na kwance. Babu ko kwabo. Takardu ne: sakamakon jarrabawa, shaidar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma, da ta kammala karatun jinya. Haushi ya kama ni kamar ni aka cuta. Na rasa inda zan jefa su, sai na cusa su cikin kwalin tsofaffin takardun da mai tsiren bakin ƙofa ke naɗe nama da su, na koma ina kiran fasinja.

Washegari Malam Buba ya dawo. Ashe an kira Hauwa'u tantancewar aikin asibiti ne a ranar Alhamis ɗin, kuma ba a karɓar komai sai takardu na asali. Na ce masa na ba direba, direba ya ce bai gani ba. Dattijon bai zagi kowa ba. Kwana uku yana zuwa ya zauna a bencin layin Bauchi, duk motar da ta shigo sai ya miƙe ya leƙa but ɗinta. Har ruwa na saya masa, ina ce masa ya yi haƙuri.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A rana ta huɗu wani direba ya sayi tsire bayan la'asar, yana buɗewa ya ga hoton mace da hatimi, mai ya jiƙe rabin sunan. Ya tuna da cigiyar dattijon, ya kai wa shugabannin tasha. Mai tsire ya ce ni ya gani ina laluben kwalinsa ranar Laraba. Sauran takardun kuwa sun riga sun bi masu sayen nama. Aka je ɗakina aka tarar da atamfofi, da wayoyi, da buhunan da ke ɗauke da rubutun hannuna. Alƙali ya ba ni shekara biyu.

A gidan yari ba yunwa ce ta fi damuna ba, ko da yake na sha ta. Abin da ya hana ni sukuni shi ne tuna yadda dattijon nan ke miƙewa duk lokacin da mota ta shigo. A can na koma salla da gaske, na kuma koyi gyaran takalmi, sana'ar da nake ci da ita yanzu.

Da na fito na nemi ƙauyensu. Malam Buba ya shimfiɗa mini tabarma, ya saurare ni har na gama kukana. Ya ce shi ya yafe nasa tuntuni, amma takardun ba nasa ba ne, sai ya aika aka kira Hauwa'u. A bakinsa na ji cewa shanu biyu ya sayar ta yi karatun. Kafin a sake fitar mata da wasu takardun an rufe ɗaukar aiki, har yau ba a sake kiranta ba.

Ta tsaya daga bakin zaure, ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, na yafe maka don Allah. Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Da ka buɗe ka ga ba kuɗi ba ne, me ya hana ka ɗaure ka sa a motar? Baba ya ce ba ta ma cika ba."

Gaskiya ta faɗa. Motar ta fi awa ɗaya tana jiran fasinja bayan na kwance ƙunshin, kuma ni ne nake tsaye a bakinta ina kira. Na sunkuyar da kai har ta shiga gida.

Ƙannena, kada ku raina ɗan abin da kuke tsakura daga kayan mutane, domin shi ke kashe zuciya tun kafin babbar sata ta zo. In an ce muku amana, ku kai ta yadda aka ba ku. In kuma shaiɗan ya riga ya sa kun kwance, to ku ɗaure ku mayar tun motar ba ta tashi ba. Ni na yi shekara biyu na fito, ita kuwa har yanzu tana gida.