Muryar da Ta Bi Wayoyi Uku

Kwana biyu da isowar labarin cewa rami ya rufta da ƙanena a wurin haƙar zinari can arewa, sai ga saƙon murya ya shigo wayata, wai daga gare shi. Ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Illela lokacin. Na hau babur na nufi garinmu Tajaye.

Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Baffanmu ya riga ya ce matar ƙanena ta shiga takaba da la'asar, tunda wanda ya kawo labarin ya rantse. Na ce a dakata, ga saƙo.

Matsalar ita ce yadda saƙon ya iso. Abokin aikin ƙanena bai iya turawa ba, sai ya kunna shi a bakin wata waya aka ɗauka. Wani direba da ya karɓa a Konni shi ma haka ya yi, a tsakiyar tasha. Ita kuwa waya ba ta ajiye murya ɗungum. Tana yayyanka ta ta mai da ita lambobi, ta zubar da abin da take ganin kunne ba ya buƙata. Sau uku aka yi wa muryar wannan aski. Abin da ya rage siriri ne kamar kukan sauro, ga hon ɗin motoci a bayansa. Ana dai jin "lafiya nike", amma wa ya faɗa?

Baffa ya saurara ya girgiza kai. Raina ya ɓaci, na fara yi masa bayanin lambobi, ya ce ba lakwal muke ba.

Aka kai wa Inna, mahaifiyarmu. Ta sa aka jefa wayar cikin kwanon sha don ƙarar ta fito, ta kara kunnenta. Sau huɗu na kunna. Matar ƙanena na tsaye a bakin ɗaki, ta cire 'yan kunnenta tana riƙe da su.

"Shi na," in ji Inna. "Ku naɗe tabarmin ga."

Ba wanda ya yi mata musu.

Da faɗuwar damina ƙanena ya dawo, yana ɗingishi. Ranar na zauna kusa da ita na ce, Inna, kunnenki ya fi na'ura.

"Wane kunne?" ta ce. "Wallahi ban gane kowa ba cikin kwanon nan. Ƙi na yi a bizne mini ɗa ban ga gawa ba."