Hantar da Kawu Ya Rataye

Ni na raka Kawu da matarsa Inna asibiti a Kano, shekarar da aka cire mata ƙari a mama. Likitan mai son bayani ne, kuma bayanin nasa ya ja mana. Ya ce abin tsoro yanzu shi ne kada ciwon dajin ya yi ƙaura. Ƙwayoyinsa, in ji shi, suna da wasu 'yan abubuwa kamar hanci. Hanta da huhu da ƙashi kuwa suna fitar da wani sinadari, su kuma su shinshina su bi har su isa can.

Da muka sauka a Ajingi a hanyar komawa gida, Kawu ya dube ni. "Ashe tururuwa ce," ya ce. A garinmu Toranke kowa ya san yadda yake janye tururuwa daga buhun gyaɗa: ya farfasa ƙuli-ƙuli can nesa, su bi.

Ranar kasuwa ya dawo da hantar rago da huhu, ya rataye a ƙofar ɗakin Inna.

Na ce, "Kawu, sinadarin nan fa a cikin jini yake, ba a iska ba."

"Kai ka taɓa shiga jinin?"

Raina ya ɓaci. Ƙudajen unguwa suka tare a gidan, kyanwowi suka yi layi a kan katanga. Maƙwabta suka rabu biyu, masu cewa a bar hantar ɗanya da masu cewa gasasshiya ta fi ƙamshi. Ranar da shirwa ta sure huhun, Kawu har tafi ya yi, wai in ciwon ya riga ya shiga ciki, to ya bar gari. Inna na shan maganinta na asibiti, tana dariya tana dafe ɗinki.

Da damina idanun Inna suka yi ruwan ɗorawa. Muka koma Kano, hoto ya nuna ciwon ya isa hantarta. Na yi kuka a mota ban ɓoye ba. Kawu kuwa da kasuwa ta zagayo ya sake sayo hanta, ya hau turmi zai rataye.

"Malam, sauko," in ji Inna. "Tunda tawa ya zaɓa, gasa mini wannan in ci."

Da kansa ya hura gawayi, ya barbaɗa yaji. Ta ɗauki yanka guda, ta daɗe tana taunawa, ya ƙi wucewa. Kawu ya tara mata tafin hannunsa.