Babur ɗin da Duba-gari Ya Tono Daga Akurki

Mahaifina duba-gari ne. Ya yi aikin har ya yi ritaya, amma sunan bai bar shi ba, halin ma haka. In ya shiga gidanka, kafin ya amsa gaisuwa idonsa ya riga ya leƙa randa ya bi makwarara. Mahauta sun sha wuya a hannunsa, masu sayar da abinci kuwa suna hango hularsa sai su hau korar ƙuda. Mu ma a gida ba mu tsira ba, don har farcenmu yake dubawa.

Shi ya sa kowa ya yi mamakin abin da ya kwaso mana bayan rasuwar wansa, wanda muke kira Baffa.

Baffa na da wani tsohon babur, irin masu nauyin nan na da, mai dogon tanki da fitila kamar ƙwarya. A kansa ya riƙa kai Baba makarantar koyon aiki. Da ciwon ƙafa ya kama Baffa sai ya jingine babur ɗin a bayan gida, 'ya'yansa suka kewaye wurin da waya suka mai da shi akurki. Shekara da shekaru kaji na kwana a kansa. Ana gama zaman makoki babban ɗansa, Yaya Dogo, ya kira masu sayen tsofaffin ƙarafa. Baba ya ji labari, ya je ya ce a bar masa. Dogo ya yi dariya ya ce ai ya rage musu shara.

A amalanke aka turo shi. Warinsa ya riga shi shigowa. Umma na tsakar gida tana shanya, ta ja mayafi ta toshe hanci, ta tambaya ko mushe aka kawo. Kashin kaji ya daskare a kan tanki da kujera kamar an yi yaɓe, gashin kaji ya manne a sarƙa, tayoyin sun tsage sun zama kamar busasshiyar fata. Baba ya sa aka sauke shi a ƙarƙashin rumfa, dab da tagar ɗakina.

Kada a ɗauka shi bai ji ƙyama ba. Ya fi kowa ji. Ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya sa safar roba, yana kankara yana tofar da yawu, yana Allah wadai da 'ya'yan Baffa ɗaya bayan ɗaya. Da ya ɗaga kujerar, soson ciki ya zube, sai ga jinjirayen ɓeraye jajaye suna motsi a cikinsa. Baba ya ja da baya, ya dafa bango, ya yi ta yunƙurin amai. Na kawo masa ruwa na ce ya haƙura haka nan, a mai da wa masu ƙarafa kayansu. Ya kuskure baki, ya ce in miƙo masa tsintsiya.

Kullum da abin da babur ɗin zai amayo. An sami ƙadangare a bushe cikin fitila. Man da ya rage a tanki ya koma wani abu mai yauƙi, warinsa ya kama labulena har sai da na cire shi. Salansa kuwa a toshe take, Baba ya zura waya ya yi ta zaƙulo gawar wani ƙaton ɓera gutsure-gutsure, wutsiyar ce ta fito daga ƙarshe. Ranar babu wanda ya iya cin abincin rana.

Da Umma suka fi kai ruwa rana. Ta tarar da kafiretar injin a jiƙe cikin kananzir a robar da take wanke shinkafa, kusoshi kuma a jere kan farantin baƙi. Ta ce mutumin da ya hana ta ajiye tsintsiya kusa da murhu tun tana amarya, yau shi ne ya mai da mata gida bola. Baba bai musa ba. Baƙin mai ya shige masa ƙarƙashin farce, ya goge da sabulu da toka da lemon tsami ya ƙi fita. Har ya koma cin abinci da cokali, don ya ce ba zai kai wannan hannu bakinsa ba.

Injin ya fi ƙarfinsa, sai wani bakanike maƙwabcinmu ya riƙa shigowa yana nuna masa. Sauran kuwa shi ya yi da kansa. Ya bi kasuwar tsofaffin kaya rumfa-rumfa yana neman madubi da fulogi irin na asali, ya kankare tsatsa daga wayoyin taya ɗaya-ɗaya, ya sa aka ɗinka sabuwar kujera, ya mai da masa baƙin fentinsa na da. Ranar da ya buga kiki injin ya kama, Umma ta fito daga kicin riƙe da ludayi. Ƙarar mai kauri ce, a natse. Baba ya tsaya yana saurare, ya ce haka take tun yana saurayi. Ya riƙa hawansa a hankali zuwa masallaci da gidajen abokai, in ya dawo ya goge shi kafin ya cire takalmi.

Bai daɗe yana jin daɗinsa ba Yaya Dogo ya yi sallama, tare da wani dattijo na dangi. Aka yi gaisuwa, aka sha ruwa, Dogo ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce 'yan'uwansa sun matsa masa. Babur ɗin gado ne, ba a raba ba, aro suka ba Baffa Ƙarami, wato Baba.

"Aro?" in ji Baba. "Kashin kajin ma aro kuka ba ni?"

Dattijon ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri, zumunci ya fi ƙarfe. Baba ya dubi Dogo irin kallon da yake yi wa ruɓaɓɓen nama a kan teburin mahauci. Ya shiga ɗaki ya ɗauko makulli ya ajiye a kan tabarma, bai miƙa masa a hannu ba. Umma da ta yi watanni tana tsine wa babur ɗin, ita ce ta bi su har ƙofa tana faɗa musu abin da ba zan maimaita ba.

Dogo ya sa shi haya. Aka yanke salansar don ta yi ƙara, aka fesa masa kore shar, aka lilliƙa masa hotuna, aka ɗaura katako a baya don ɗaukar kaya. Ba a jima ba ya fara hayaƙi. Wata safiya Dogo ya turo shi gidanmu, ko kunya babu, ya ce Baffa Ƙarami ne ya san cikinsa, ya taimaka ya duba.

Baba ya fito ya zagaya shi sau ɗaya, hannayensa a baya. Jinin kifi ya bushe a kan tanki, ƙudaje na bi, mai na ɗiga daga ƙasan injin.

"Fitar min da shi," ya ce. "Ba a nan za ka kunna shi ba. Tura shi har bakin titi."

Dogo ya tura. Har yau Baba na amsa gaisuwarsa a wurin suna da jana'iza, don ɗan wansa ne, amma bai ƙara taka gidansu ba. In ya ji ƙarar babur ɗin daga nesa, sai ya tashi ya rufe taga.