Na'urar Hassana da sunan da aka goge

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanwata Hassana, kuma har yau in na ji ana kirarin ƙirƙirarriyar basira a rediyo, kashewa nake yi.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Jibiya. Hassana kuwa malamar jami'a ce, tana neman digirin digirgir a fannin koya wa na'ura aiki, wato ƙirƙirarriyar basirar nan. Tun tana ƙarama take ganin yadda ƙwari ke cinye mana wake, da yadda wasu ke zuba masa guba don tsoron asara. Sai ta haɗa wata na'ura mai hannun ƙarfe, wadda ke soka tsinke cikin buhu ta saurari motsin ƙwarin tun ba su fito ba. Kaka uku ta yi a rumfata tana naɗar sauti. 'Yan dakon Maraɗi na juya mata buhuna, suna mata dariya wai tana gaisawa da wake. Ranar da na'urar ta ware buhu mai ƙwari cikin waɗanda na rantse lafiyarsu lau, dariyar ta tsaya.

Farfesan da ke duba aikinta ya riƙe ta shekara takwas. Yau ya ce ta sake babi, gobe ya ce wa zai karanta binciken wake. Sau huɗu ana ɗaga ranar kare aikin. A na ƙarshen ta je aka ce ya tafi taro ƙasar waje. A hanyarta ta dawowa motar da ta shiga ta kife kusa da Daddara. Ajali na Allah ne, ban yi jayayya ba.

Abin da na kasa haɗiyewa ya zo bayan shekara biyu. Wata ɗalibarta ta kawo mini mujallar da aka buga aikin. Sunan farfesan ne a sama, sai na wasu mutum biyu da ba su taɓa taka kasuwarmu ba. Na Hassana babu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na rubuta ƙorafi, aka ce an kafa kwamiti.

Da tana raye, me za ta ce in ta ga waɗanda suka rena waken suna yawon taro da shi? Na san halinta, cewa za ta yi in bari. Ni ban iya ba.

Takardar digiri ba ta samu ba, na'urar ma tana kulle a ofishin da ba ni da ikon shiga. Abin da ya rage nata shi ne 'yan kasuwar da suka bar zuba guba saboda nasiharta, da ɗalibar nan da ke koyarwa da littattafanta tana faɗin mai su.

Bara farfesan ya yi ritaya, ya aiko wani dattijo neman yafiya. Na ba dattijon ruwa ya sha, na ce: "Baba, ba haƙƙina ya ci ba. Shi jira, za su haɗu da mai haƙƙin."