Ranar da Na Yi Ihu a Barandar Asibiti

Cikina na uku ya zo mini a shekarun da kuza ta fara ja baya, muna zaune a unguwar Kongo-Rasha, maigidana yana tuƙa mota a wani kamfanin haƙar kuza. Asibitin kamfanin ƙofa biyu gare shi. Ta gaba mai labule ta matan Turawa ce, mu kuwa matan ma'aikata benci aka jera mana a baranda ta baya.

Da hantsi naƙuda ta kai ni bencin nan. Innata ta tarbiyyantar da ni cewa mace ba ta kuka a haihuwa, sai ta cije zane. Na cije. Sista Baturiya ta leƙo, ta gan ni shiru, ta faɗa wa ungozoma wata magana suka wuce. Ungozomar 'yar Kuru ce, mai kirki. Da ta dawo na ce, "Baba, me ta ce?"

Ta kawar da kai. "Wai irinku ba kwa jin zafi kamar su. Wai a gona ma kukan haihu ku ci gaba da noma."

Ikon Allah! Matar da ko sannu ba ta iya ba, ita ce ta san abin da ke cikin ƙashin bayana. Likita kuwa yana can gaba tun safe, matar injiniya ƙafarta ta ɗan kumbura, har da shayi aka kai mata.

Bayan azahar ungozoma ta taɓa cikina, fuskarta ta canja. "Abin da ke cikin nan a gicciye yake. 'Yata, yi ihu."

"Ni? Da girmana?"

"Ajiye girman nan. Mutanen nan ba sa ganin mai shiru. In kin kai la'asar a haka, gawa za ki haifa."

Na saki zanen na kurma ihu, irin wanda ban taɓa yi ba, har masu shara suka tsaya. Sai ga likita da gudu, ashe ya san hanyar baranda.

Aka yi mini aiki, aka ciro 'yata da rai, amma hannunta na hagu bai taɓa yin ƙwari ba har yau. Da na farfaɗo, likitan ya tsaya a kaina, ya sa ungozoma ta tambaye ni me ya sa mu ba ma zuwa asibiti da wuri. Ta dube ni, na dube ta. Ta ce masa na gode.